Takardar da Ta Kira Baba Ɓarawo

Shagonmu yana unguwar Gardole, a babban birnin Chadi, kuma tun kafin a haife ni ake ɗinki a cikinsa. Baba ya gaji allura daga mahaifinsa, wanda ya zo garin nan tun ana kiransa da sunan da Nasara suka ba shi. Sana'ar gidanmu aikin wuyan riga ce: kaftani, jallabiya, babbar riga, daga baya har da bakin lafaya na mata. Baba ba ya kwaikwayon zanen kowa. Yakan shimfiɗa takardar buhun siminti a kan tebur, ya ɗauki fensir, ya zuba mata ido har shayinsa ya huce, sannan ya fara ja. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata yake cewa.

Da na bar lise, wato sakandare, na dawo shago, lokacin ne kekunan aiki masu kwamfuta suka fara yawa a gari. Baba ya daɗe yana hararar su kafin ya sayi ɗaya, daga baya suka zama uku. Aka ajiye wata kwamfuta babba a ƙuryar shago, wadda masu sana'ar ke kira sarba. A cikinta duk zanen yake zaune, ita ke aika wa kowane keke abin da zai ɗinka. A cikinta kuma akwai manhajar da ake zana aikin da ita, lojisiyel in ji masu Faransanci. Duk maƙwabtanmu masu irin wannan keke na sata suke amfani da shi, wanda ake zuba wa mutum a kasuwa kafin ya gama shan karkanji kofi ɗaya. Baba ya ƙi. Ya ce rigar da za a tsaya gaban Allah da ita ranar Juma'a ba za a yi mata aiki da kayan sata a shagonsa ba. Ya sa aka nemo wani dillali daga Duwala, wakilin kamfanin da ke ƙasar Turawa, ya sayi na gaskiya mai lasisi. Ina tsaye a wurin dillalin ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan naka ne har abada." An yi wa Baba dariya a layinmu wata guda. Bai kula ba.

Ni na koyi manhajar. Shekara da shekaru ina ɗaukar takardun Baba ɗaya bayan ɗaya ina shigar da su, kowane lanƙwasa, kowane wurin da zare zai juya. Yakan tsaya a bayana ya ce, "Uwata, wannan kan askar ya yi ƙiba, rage shi." In rage. Wata damina rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, takardun suka jiƙe suka manne da juna, gara ta ƙarasa sauran. Baba ya damu ƙwarai. Ni da bakina na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai duk suna cikin kwamfuta, can ruwa ba ya taɓa su. Har yau in na tuna wannan magana sai na ji kamar in mari kaina.

Sarbar ta tsufa a hannunmu. A bazarar da nake ba da labarinta, saura 'yan makonni azumi, ta fara kuka kamar tsohon babur ɗin klando, wato acaba. Da rana ta take sai ta mutu da kanta, sai mun jira ta huce. Na kira taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda ke zaune a unguwar Ambasatna yana gyaran kwamfutocin ofisoshi. Ya girme ni da shekara biyar, amma wasan taubasantaka bai bar girma a tsakaninmu ba. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya yi tari.

"Ke, wannan ai kakarku ce," ya ce. "Ku yi mata sutura tun tana da rai."

"Kakarku dai. Gyara za ka yi ko surutu?"

"Ba ta gyaruwa. Ku sayi sabuwa, ni kuma in kwashe duk abin da ke cikin wannan in zuba a waccan, sak, ko ɗigo ba zai canja ba. Ita kanta sabuwar ba za ta san ba ita ce tsohuwar ba."

Baba ya tambaye shi ko akwai wani abin da za a nemi izini a kai. Taubashina ya yi dariya ya ce, "Kawu, kayanka ne, ka saya. Wanda ya sauya gida yana neman izinin mai sayar da katifa kafin ya ɗauki katifarsa?" Maganar ta yi wa Baba daidai. Ni ma ta yi mini.

Ranar Lahadi da safe ya zo da sabuwar a kan babur, ɗaure da igiyar roba. Ya haɗa su da waya, tsohuwa da sabuwa, muka kunna janareta don kada ɗaukewar wuta ta katse aikin, muka kafa wa tsohuwar fanka biyu. Tun hantsi ake kwafa har bayan la'asar. Da ya gama ya kunna sabuwar, sai ga komai ya fito yadda na san shi, har hoton 'yata da ke fuskar allon, har wani zane da na bari ban ƙarasa ba ranar Alhamis. Na yi guɗa a cikin shago, ma'aikatanmu biyu suna dariya. Taubashina ya ce bari ya haɗa ta da intanet ya gwada kekunan. Tsohuwar tana nan a kunne a gefe, ita ma a haɗe, ba wanda ya tuna da ita.

Na buɗe manhajar. Ta yi jim, sannan ta fito da wani ɗan akwati mai jan baki: an dakatar da wannan lasisi, a tuntuɓi kamfani. Taubashina ya ce ba komai, ƙila sabon ƙarfe ta ji, mu koma kan tsohuwar tukuna kafin ya bincika. Muka koma. Akwatin nan mai jan baki yana can yana jiranmu. Fuskar taubashina ta canja. Ya zauna a kan buhun yadi ya riƙe kai, ya yi mini bayani a hankali: kamfanin yana da na'ura a can ƙasarsu da ke duba kowane lasisi, ta ga lamba ɗaya a kwamfuta biyu a lokaci guda, ta rufe duka biyun. Zanen suna nan, kowanne da sunansa a jere, amma da manhajar kaɗai ake buɗe su. Da safe muna da kwamfuta ɗaya mai ciwo tana aiki. Da yamma muna da biyu, ba wadda za ta ba keke ko ɗinki ɗaya.

Washegari saƙo ya shigo da Faransanci, da sunan Baba a sama. Baba yana jin Larabcin gari kamar ruwa, yana karanta na littafi, amma Faransanci sai gaisuwa. Ya ce in karanta masa. Na duba, na ce suna cewa an sami matsala da lasisi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, takarda mai tsawon nan, matsala kawai ta ce? Karanta mini yadda aka rubuta."

Na karanta. Sun ce sun gano ana amfani da manhajarsu ta hanyar zamba. Sun ce kwafar ta ba da izini ba sata ce a doka, kuma suna da damar ɗaukar mataki a kan mai wannan suna. Ban sami wata kalma mai laushi da zan sa a madadin sata ba, don haka na faɗe ta yadda take.

Baba ya cire tabarau ya naɗe, ya sa a aljihu. Mutumin da in ragowar zaren mai riga ya kai tsawon hannu sai ya naɗe shi ya sa a cikin ledar rigar. Mutumin da layi guda ya yi wa dariya saboda ya ƙi na sata. Can ya ce, "Da sunana suka rubuta?" Na ce da sunansa, har da na mahaifinsa. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Daga ranar na zama mai kiran waya. Dillalin Duwala ya daɗe da rufe shago, lambarsa wata mai sayar da kifi ce ke ɗauka. Lambar kamfanin kuwa sai an sha kiɗa na minti da yawa, katin waya yana ƙonewa, kafin mutum ya ɗauka. A rana ta uku na sami wata mata mai murya a kwance, irin muryar da ba a taɓa katse wa wuta tana tsakiyar aiki ba. Na gaya mata komai da Faransancin lise, tun daga zafi har zuwa fanka biyu.

"Madam," ta ce, "kafin a sauya kwamfuta ana fara sakin lasisin daga tsohuwar. Ba ku yi haka ba."

"Wa ya gaya mana?"

"Yana cikin sharuɗɗan da kuka amince da su."

Sharuɗɗan nan na tuna su. Ranar da aka sa manhajar wani dogon rubutu ya fito, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, dillalin ya kama hannuna da linzamin kwamfuta ya ce in danna nan kawai. Na danna. Ashe wannan dannawar ce yarjejeniya, dafa ƙirjin da ya yi a gaban Baba kuwa iska ce.

Na ce mata to mun ji, mun yi kuskure, ga tsohuwar ga sabuwar a ɗaki ɗaya, kekuna ukun nan dai su ne, ba mu sayar wa kowa ba, ba mu ba kowa aro ba. Ta ce sai mun kawo shaidar cewa mu muka saya tun farko, domin dillalin ba ya cikin wakilansu na yanzu. Wato su suka naɗa shi, su suka sauke shi, amma mu ne za mu tabbatar da cewa ya taɓa wanzuwa.

A cikin kwanakin nan azumi ya kama. Kekuna uku suna tsaye an rufe su da zani saboda ƙura. Shaddar mutane ta taru a kan kanta har ta kai rufi. Ma'aikatan nan biyu, dattawa ne da suka fara da Baba, suka koma aikin hannu, amma abin da keke ke yi kafin azahar su sai su kwana huɗu a kai. Mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu. Wasu da kunya, suna cewa tafiya ce ta taso. Wata Balarabiya da muke yi wa bakin lafaya tun tana amarya ta ɗauki nata ta tsaya a ƙofa ta ce mini da Larabci, ita ta ji an ce Turawa sun kama mu da kayan sata, gaskiya ne? Ban san ta ina maganar ta fita ba. Na ce mata ƙarya ne. Ta ce ita ma ta ce ba halin Alhaji ba ne. Ta tafi da lafayarta duk da haka, shagon da ke kusurwa ta kai, inda na sata ke aiki lafiya lau ba wanda ya taɓa aiko musu da ko gaisuwa.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma har yanzu yana ci. Duk layin nan mutum ɗaya ne kamfanin ya san sunansa, domin shi kaɗai ya je ya ba su sunan da hannunsa. Shi ne kuma kaɗai suka iya kullewa.

Taubashina yana zuwa kullum bayan ya tashi daga aiki, ya rame kamar shi aka zaga. Wasa ya ƙare a tsakaninmu. Wata rana da yamma, muna jiran shan ruwa a ƙofar shago, ya durƙusa kusa da Baba.

"Kawu, ni na jawo wannan. Ka bar ni in gyara. Akwai hanyar da ake karya makullin nan, minti goma ya isa. Ba satar komai za mu yi ba, kayanka ne za a buɗe maka."

Na yi saurin cewa, "Baba, gaskiya ya faɗa. Wanda aka kulle masa ɗakinsa ya ɓalle ƙofa, ai ba a ce masa ɓarawo."

Baba ya juya carbinsa. "Hanyar nan da kake faɗa, ita ce wadda na kusurwa suke bi?"

"Ita ce, Kawu."

"To yau takardarsu ƙarya ce. In ka yi wannan, gobe ta zama gaskiya. Ba zan taimake su ba."

Na ji haushin Baba a ranar kamar yadda ban taɓa ji ba. Na shiga ciki na zauna a bayan kekunan na yi kuka, ba na tausayi ba, na takaici. Su suna can cikin sanyi ba su san ma akwai wani wuri Gardole ba, shi kuma yana nan yana kare mutuncinsa a gaban mutanen da ba sa kallo. Sai da aka kira magariba ya aiko a kira ni, ya miƙo mini dabino da hannunsa, bai ƙara tayar da maganar ba.

Shaidar saye kuwa tana nan. Baba yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado inda yake ajiye takardun gida da na gonarsa ta Tukra. A can muka sami faktir ɗin, wato rasidin saye, a cikin leda, da hatimin dillalin da lambar lasisin a rubuce da biro. Na ɗauki hotonta ta gaba da ta baya na aika. Muka jira kwana shida.

Matar nan mai kwantacciyar murya ce ta sake ɗauka. Ta ce sun duba, takardar gaskiya ce, lasisin na Baba ne. Na ce alhamdu lillahi, to a buɗe mana sabuwar. Ta ce a'a. Lasisin an ɗaure shi ne da waccan kwamfutar ta farko, kuma irin wannan tsohuwar manhaja sun daina mayar da ita kan sabon ƙarfe.

"Amma an ce mana har abada."

"Har abada a kan wannan kwamfutar, Madam."

"Kwamfutar tana mutuwa. Shi ya sa muka sayi wata."

"Na fahimta. Muna da sabon tsari, ana biya duk shekara."

Na ce mata ashe abadan ɗinsu tsawon ran fanka ne. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Na tambaye ta, zanen da ke ciki na wa ne? Ta ce namu ne, kamfani ba ya da'awar mallakar aikin kowa. Na ce to ki ba ni abina. Ta ce ai yana wurinmu, ba su taɓa shi ba. Haka ne kuwa, ba su taɓa shi ba. Sun dai tsaya a bakin ƙofa ne da makulli a aljihu suna ce mini ɗakin nawa ne.

Don in ga iyakar abin, na ce to in mun yarda da na shekara-shekarar fa? Ta yi ɗan taɓe-taɓe ta dawo ta ce Chadi ba ta cikin ƙasashen da suke karɓar biya daga gare su kai tsaye, sai dai in muna da wani a wata ƙasa. Lokacin da za su rubuto wa Baba cewa shi ɓarawo ne, ba su sha wahalar gano inda Chadi take ba.

Abu na ƙarshe da na roƙa shi ne wanda Baba ya aike ni da shi. Na ce tunda kun tabbatar ba sata ya yi ba, ku rubuto takarda da sunansa ku janye waccan. Ta ce ba su da irin wannan takarda. Ta ce kada mu ɗauki saƙon farko da zafi, ba mutum ne ya rubuta ba, na'ura ce ke aikawa da kanta. Da na gaya wa Baba, ya ce, "To na'urar da ta iya zagi, ba a koya mata ban haƙuri ba?" Na mayar mata da wannan tambaya washegari, kalma da kalma. Ta ce za ta shigar da ita cikin ra'ayoyin abokan ciniki.

Abin da suka yarda da shi ɗaya ne: za su buɗe tsohuwar, ita kaɗai, bisa sharaɗin ba za a sake kunna manhajar a kan sabuwar ba. Baba ya ce ba zai yi hayar abin da ya riga ya saya ba, ko da ɗan'uwansa na Kano zai iya biya masa daga can. A wannan karon ban yi masa musu ba.

Taubashina ya nuna mini abin da ya rage mana. Manhajar tana iya fitar da kowane zane zuwa wani irin fayil da kowane keke ke ganewa ba tare da ita ba. Sai dai zanen da aka fitar haka ya daskare, ba a ƙara masa girma, ba a rage, ba a gyara kan aska in ya yi ƙiba. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi, kowanne sai an buɗe shi an jira. A kan kwamfutar da ke suma da zarar rana ta take.

Muka shirya kamar masu jinya. Da asuba bayan salla nake buɗe shago. Muna sayen ƙanƙara sanda guda daga masu turawa a baro, mu sa a cikin daro a gaban fanka, iskar ta bi ta kai ta shiga cikin sarbar. Ina azumi, ina kallon ƙanƙara tana narkewa saboda ƙarfe. Da safe ina ba kekunan aikin sallar mutanen da suka yi haƙuri suka bar yadinsu, a tsakani ina fitar da zane. Baba ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Idonsa ya riga ya yi rauni, ba ya ganin allon sosai, sai in faɗa masa sunan zane da kamanninsa, shi kuma ya ce "ɗauki" ko "bari tukuna". Ban taɓa ganin abin da ya yi masa wuya kamar wannan ba. Wani in na faɗa sai ya ce wannan ya yi shi ne shekarar da aka haifi ƙanina, ko wannan wani mai goro ne ya fara sa shi. Sai in ce, "Baba, lokaci." Sai ya ce, "Bari tukuna, ɗauki na gaba, ya fi shi kasuwa." Na kasuwa muka fara ceta, domin da su za a ci abinci. Waɗanda ya fi so, tsofaffin masu wuyar aiki da ba a cika nema ba, su ya yi ta turawa baya.

A rana ta tara, wajen sha ɗaya na safe, ina tsakiyar buɗe wani zane sai allon ya yi baƙi. Ba irin suman da ta saba ba ne, don wani wari ya taso kamar an ƙona roba. Taubashina ya baro ofis ya zo a guje, ya buɗe, ya shinshina, ya girgiza kai. Allon cikinta ne ya ƙone, wanda lasisin ke ɗaure da shi. Mun fitar da abin da ya ɗan haura rabi.

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar an yi masa rasuwa. Sannan ya tambayi taubashina, "Sauran suna cikin sabuwar?"

"Suna nan duka, Kawu. Ba wanda ya ɓata."

"Amma ba a buɗewa."

"Ba a buɗewa."

Ya gyaɗa kai ya tashi.

Sallar nan mun fita kunyar waɗanda suka jira mu, da ƙyar. Taubashina bai zo gaisuwar salla ba. Kwana biyu Baba yana tambaya, a na uku ya aika a gaya masa in bai zo ba shi zai hau klando ya je Ambasatna da kansa. Ya zo yana sunkuyar da kai. Baba ya ce masa, "Kai ka kwafa mini kayana daga ɗakina zuwa ɗakina. In akwai mai jin kunya a maganar nan, ba kai ba ne." Ni kuma na ce masa duk da haka ya ci gaba da jin kunyar kaɗan, tana yi masa kyau. Ranar ya fara dariya.

Daga baya ya sa mini wata manhaja ta kyauta, wadda ba ta da mai kullewa. Tana da taurin kai, abin da nake yi da dannawa biyu a da yanzu sai na yi shida, amma na koye ta. Duk sabon zane kuma sai na fitar da shi a takarda na sa a leda kafin in ba keke.

Watanni bayan haka wani dattijo ya zo daga Tukra da babbar riga a cikin jaka, fara ce da ta koma ruwan madara saboda tsufa. Ya ce Baba ne ya yi masa aikinta lokacin aurensa, yanzu ɗansa zai yi aure, yana so a yi masa irinta sak. Na duba wuyan na gane zanen nan take. Na san sunan da na sa masa, na san a wane jeri yake a cikin sabuwar sarbar da ke bayana, taku uku daga inda nake tsaye. Yana cikin waɗanda Baba ya ce a bari tukuna.

Na ce wa dattijon ya bar mini rigar mako biyu. Na shimfiɗa ta a kan tebur, na ɗora farar takarda mai shara-shara, na bi zaren da fensir, inda ya goge saboda wanki Baba yana shafawa da yatsa yana gaya mini yadda ya tafi. Kwana goma sha ɗaya na yi ina sake shigar da aikin da na riga na shigar da hannuna shekarun baya. Da dattijon ya zo karɓa ya yaba ƙwarai, ya ce wannan zamani na kwamfuta ya sauƙaƙa muku komai. Na naɗe masa rigunan biyu, tsohuwa da sabuwa, na ce Allah ya sanya alheri a auren.